Giyar Babur a Motar Maigidana

Maigidana makaniken injinan ban ruwa ne. A ƙarshen shekarun tamanin, lokacin da ƙananan injinan nan masu shan fetur suka fara cika fadamar Haɗeja, shi ma'aikatar gona take turawa ƙauyuka ya duba waɗanda suka lalace. Ni kuma ina koyarwa a firamare. Muna haya a bakin gari wajen hanyar Nguru, a wani gida mai fili babba ta baya, mu da 'ya'yanmu biyu da mahaifiyarsa, wadda kowa yake kira Iya.

Katanga ce kawai ta raba mu da babban abokinsa. Mutumin Filato ne, Kirista, yana koyar da aikin ƙarfe a makarantar koyon sana'a, shi ya sa duk unguwa ake ce masa Masta. Matarsa nas ce a asibiti, mace mai ƙarancin magana. Ita ta koya mini gwaten acca, ni na koya mata yadda ake zaɓen bandar tarwaɗa wadda ba ta da ƙwari.

Masta ne ya fara kawo zancen motar. Mahaifinsa ya yi aiki a garejin masu haƙar kuza, kuma yana yaro ya taɓa ganin wata 'yar mota ta wani Bature, gajeriya, ba rufi, kujera biyu kacal, tana tafiya kamar za ta shafi ƙasa. Ya ce tun daga ranar bai daina tunaninta ba. Maigidana ya ce ai ba sai an je Turai ba, a bayan gidan nan ma za a iya ƙera irinta. Na ɗauka hira ce ta bayan la'asar. Sai na ga an fara sauke tsofaffin bututan ruwa a filinmu, an kafa rumfa, an jawo wayar walda ta kan katanga.

Sun ɗauki lokaci mai tsawo suna haɗa ƙashinta. Duk Asabar da rana, da Lahadi bayan Masta ya dawo daga coci, suna ƙarƙashin rumfar nan. Abin da suka fi damuwa da shi shi ne nauyi. Duk ƙarfen da za su saka sai sun ɗaga shi a hannu sun yi ta juyawa, in ya yi nauyi su huda shi ko su nemi wani. Da suka gama ƙashin suka sa tayoyi, mutum ɗaya yana iya ɗaga bayanta ya juya ta. Har nan ba su taɓa saɓani ba. Da aka zo kan giya ne gardama ta tashi, ta kuma cinye musu rani guda.

Masta yana son su sa inji da akwatin giya na ƙaramar motar nan mai kama da kunkuru. Dalilansa masu ƙarfi ne. Tana da giya huɗu da ribas, kayanta suna ko'ina, kowane direba ya san yadda ake sarrafa ta. Maigidana kuwa ya kafe sai injin babban babur, wanda giyarsa take haɗe da shi a jiki ɗaya. Ya ce giyar babur bi da bi take, kamar matakala. Ka tura liba gaba ka hau mataki ɗaya, ka jawo ta baya ka sauka ɗaya. Babu kai hannu hagu ko dama, babu laluben inda lamba uku take. Ga rashin nauyi, ga saurin canji. Masta ya ce to ribas fa, babur ai ba shi da ribas. Maigidana ya ce motar da yaro zai iya turawa da hannu me za ta yi da ribas. Masta ya ce kulocin babur ba a yi shi don jan mota ba, zai ƙone. Ya ce kuma sai an ja tayoyin baya da sarƙa, sarƙa kuwa tana tsinkewa. Kowace magana maigidana yana da amsarta, wani lokacin ma amsar ba ta gamsar da ni kaina da ban san komai ba a harkar.

Iya tana ɗakinta tana jin ana ta ambaton giya, giya. Wata rana ta kira ni gefe ta tambaye ni ko Kiristan nan ya fara koya wa ɗanta shaye-shaye ne. Da na faɗa musu, Masta ya yi dariya har sai da ya zauna a ƙasa. Ina yawan tuna wannan dariyar, don ina jin ita ce ta ƙarshe da na yi a kan motar nan da zuciya ɗaya.

A cikin wannan ranin ne na fara lura da hannun maigidana na dama. Da farko loma ce take suɓuce masa a kwano. Sai maɓallin riga ya fara gagararsa. Naman da ke tsakanin babban yatsa da manuniya ya faɗa, ya zama rami. Na ga yana ɗaure noti da hagu. Na tambaye shi, ya ce gajiya ce, aikin ya yi yawa.

Wata rana za mu suna Kaugama, ya ɗauko mu a a-kori-kurar ma'aikata. A hanya ya zo zai sa lamba uku, hannun ya kama libar amma ya kasa kai ta gefe. Motar ta yi ta gurnani. Sai ya saki sitiyari, ya miƙo hannun hagu ta kan cinyarsa ya sa giyar, ya koma ya riƙe sitiyarin kamar ba abin da ya faru. Bai kalle ni ba, ni ma na juya ina kallon gonaki. A nan na gane abin da ya sa ya nace wa giyar babur. Hannun yana iya turawa, yana iya jawowa, amma ya daina juyawa.

Na gaya wa matar Masta. Ta shigo da yamma kamar ta zo karɓar wuta, ta ce ya miƙo hannun. Ta matsa nan ta matsa can, ta sa ya damƙe yatsunta, ta daɗe tana kallon yadda naman damtsensa yake motsi shi kaɗai kamar akwai tsutsa a ciki. Ta ce ya je Kano, kada ya ɓata lokaci. Ya ce zai je. Sannan ya roƙe mu mu biyu kada mu gaya wa Masta sai an gama motar.

"In ya sani," in ji shi, "zai daina yi mini gardama. Komai na ce zai ce to. Ba na son a ƙera ta da tausayi."

Ban san me ta gaya wa mijinta ba. Daga baya ta ce mini abin da ta faɗa kawai shi ne ya bar mutum ya zaɓi abin da ransa yake so. Bayan 'yan kwanaki Masta ya sauko, yana mita, yana cewa ranar da suka maƙale a lungu kada wanda ya kira shi turi.

A Ƙofar Ruwa ta Kano suka samo injin, na wani babban babur da ya yi hatsari. Suka ɗora shi bayan kujeru, suka haɗa sarƙa, suka mai da kulocin na ƙafa. Libar kuwa maigidana ne ya yi ta da kansa. Doguwa ce, kuma maimakon ƙulli a kanta sai ya lanƙwasa ƙarfe kamar gwafa, ya naɗe da robar tayar keke, yadda wuyan hannu zai kwanta a ciki. Masta ya tambaye shi wannan kuma wane salo ne. Ya ce ado ne.

Da bazara suka fitar da ita. Akwai wani fili a fadama, ta hanyar Kirikasamma, inda ruwa yake kwanciya da damina. In ya janye sai lakar ta bushe ta yi tauri, ta miƙe shafal har bakin kogi. Can suke kai ta. Ranar farko ban je ba, amma na ga fuskokinsu da suka dawo, da yadda suka kasa zama su ci abinci don surutu. Masta, wanda ya yi rani guda yana kushe giyar, shi ya fi kowa yabonta. Ya ce kafin ka yi tunanin canji ta riga ta canza.

Ni sau ɗaya na shiga. Wata Asabar da hantsi maigidana ya ce in yafa mayafi in zo. Muka je a a-kori-kura, Masta ya riga mu kai motar. Na ji kunya, na duba ko'ina, ba kowa sai wasu Fulani can nesa da shanunsu da balbelu suna bin su. Na zauna, gindina kusan a ƙasa, ina ganin tsagar laka ta gefen ƙafata. Ya tayar, ƙarar injin ta cika mini bayan kai. Ya kwantar da wuyan hannunsa a cikin gwafar nan ya tura. Ƙwas. Muka tashi. Injin ya yi kuka ya kai ƙarshe, ya sake turawa, ƙwas, kukan ya sauka ya sake hawa. Haka, haka, kowane ƙwas sai in ji an daki bayana. Mayafina ya tashi, na danne shi da haƙori. Hawaye na zuba saboda iska. Na juya na kalle shi. Hannun da ba ya iya riƙe cokali yana aiki kamar lafiyarsa lau, fuskarsa kuwa irin ta ranar da aka haifi ɗanmu na fari. Da muka doso bakin kogi ya fara jawowa, ƙwas, ƙwas, muna saukowa, har muka tsaya kusa da wasu kwale-kwale da aka kife. Ya kashe injin. Shiru ya rufe mu, sai kukan agwagin ruwa. Ya tambaye ni ko na ji tsoro. Na ce sosai. Ya ce shi ma, amma ba na motar ba.

Bayan nan ne ya yarda aka tafi asibiti. Daga Kano aka tura mu Zariya. Likitocin sun yi iyakar ƙoƙarinsu, suka kuma gaya mana gaskiya, ciwon jijiya ne da ke cin naman jiki a hankali, ba su da maganinsa. Iya ta sa aka yi rubutu, aka yi sauka, aka kawo saiwoyi daga Miga. Ya sha duk abin da aka ba shi don kada ranta ya ɓaci. Ranar da Masta ya ji, ya shigo ya zauna a bakin tabarma, ya daɗe, sannan ya tashi ya fita. Ta kan katanga na ji shi yana yi wa matarsa faɗa da yarensu.

Hannun dama ya mutu gaba ɗaya. Na hagu ya bi. Ya ajiye aiki. Ƙafafu suka fara ja, magana ta yi nauyi kamar mai tuwo a baki. Hankalinsa kuwa garau, wannan shi ne abin da ya fi ciwo. A daidai wannan lokacin aka yi jihar Jigawa, gari ya ƙara cika, 'yan acaɓa suka yawaita. Muna shimfiɗa masa tabarma a zaure, yana jin babura suna wucewa. In wani ya canza giya da kyau sai ya lumshe ido. In wani ya ja ta har injin yana ihu sai ya ɓata fuska. Tun ina yi masa dariya har na koyi ji da kunnensa.

Da bazarar da ta biyo baya ya roƙi Masta ya kai shi fadama. Na hana, Iya ta hana, amma ya yi ta kallona har na kasa. Aka ɗauke shi aka sa a kujerar gefe, na ɗaure ƙirjinsa da zanena a jikin ƙarfen baya don kada ya kife. Suka tafi bayan la'asar. Sun dawo dab da magariba. Maigidana idonsa yana sheƙi, ya ci abinci fiye da yadda ya saba, ya yi sallarsa a zaune. Masta kuwa ya tura motar ƙarƙashin rumfa, ya rufe ta da tamfol, ya fita ko sallama bai yi mini ba. Daga ranar bai sake taɓa ta ba. Yana zuwa kullum ya zauna da abokinsa, ya yi masa aski, ya taya ni juya shi, amma ba ya kallon wajen rumfar.

A tsakiyar damina Allah ya karɓi abinsa, da safe, ana yayyafi. Masta ya bi gawar har maƙabarta, ya tsaya daga baya da hularsa a hannu.

Abin da ban yi tsammani ba shi ne babura. Ina cikin takaba, ba na fita, amma suna shigo mini har ɗaki. Duk wanda ya taso daga kwanar gidanmu zai canza giya a daidai tagata, ƙwas, sai in tsaya da abin da ke hannuna ina jiran na gaba. Ba na iya ci gaba da komai sai ya gama hawa. Da na koma aiki, ina tsaye gaban allo, in babur ya wuce sai in rasa inda nake a karatu, yara su yi ta kallona. Na fi shekara ban hau acaɓa ba, da ƙafa nake zuwa makaranta. Wani lokacin da rana tsaka, gida ba kowa, sai in ji kamar an taɓa libar nan a ƙarƙashin tamfol. In je in ɗaga, sai kaji su watse.

Da aka zo rabon gado ba wanda ya san a wane layi za a sa motar. Ƙanin maigidana ya ce ba mota ba ce, ba babur ba ce. Masta yana da haƙƙi a ciki amma ya ce ya yafe. A ƙarshe wani manomin shinkafa ya sayi injin, aka ce zai haɗa shi da famfo. Ƙashin ya zauna a filin har tsatsa ta ci shi, masu gwangwan suka kwashe.

Wajen ƙarshen shekarun casa'in Masta ya yi ritaya, suka shirya komawa gida. Ranar da za su tafi, ana loda kaya a babbar mota, ya yi sallama ya shigo zaure. Matarsa ta biyo shi ta tsaya a bakin ƙofa. Ya tsufa, gashinsa ya yi fari. Ya ce akwai maganar da ya daɗe yana ɗauke da ita, ba ya son ya haye dutsen Filato da ita.

Ya ce ranar nan da suka je fadama, da suka isa filin, maigidana ya roƙe shi ya bar shi ya tuƙa. Ya ƙi, ya sake roƙo, har ya yarda. Ya mai da shi kujerar direba, ya ɗaure masa wuyan hannu a gwafar da roba, don da kafaɗa yana iya turawa. Ƙafar dama tana da sauran ƙarfi, ya ɗora ta a kan totur. Shi Masta ya zauna a gefe ya riƙe sitiyari da hannu ɗaya. Suka tashi. Ya ce bai taɓa jin an canza giyar nan da kyau irin na ranar ba, ko kuloci bai nema ba, har ya kai ta ƙarshe. Sai bakin kogi ya taso musu. Inda aka saba fara saukowa ya wuce, bai jawo libar ba, bai ɗaga ƙafa ba. Masta ya kira shi, ya sake kira. Da ya ga gaɓar ta matso sai ya kashe makulli, ya murɗe sitiyarin, motar ta yi ta juyi a kan laka har ta tsaya, 'yan taku kaɗan daga ruwa.

"Maman yara," in ji shi, "na kalle shi, shi ma ya kalle ni. Ban tambaye shi ba, bai ce mini komai ba. Har yau ban sani ba, ƙafar ce ta ƙi ɗaguwa, ko shi ne bai ɗaga ba."

Na tuna yadda ya ci abinci a daren, da yadda ya yi sallah, na nemi wata alama a ciki na rasa. Mutum ne mai tsoron Allah, kuma ba zai tafi da abokinsa cikin ruwa ba, wannan na sani. Na kuma san ciwon, na san yadda ƙafar take sandarewa ba zato. Amma na san idon nan da yake kallona da shi a watannin ƙarshe, in na gama goge masa baki.

"Ƙafarsa ce, Masta," na ce. "Ta sha yi masa haka a gida."

Ya gyaɗa kai ya daɗe yana gyaɗawa. Matarsa ta ce ita ma abin da take gaya masa ke nan tun tuni. Na kalle ta, ta sunkuyar da kai. Direba ya yi oda a waje. Muka rungumi juna da ita muka yi kuka, shi kuma ya ce Allah ya raya yara, suka tafi. Ban sake ganinsu ba. Bayan wasu shekaru wani malami ɗan garinsu ya gaya mini Masta ya rasu.

'Ya'yana sun girma da labarin motar. Sun san gardamar giya, sun san ranar da na shiga mayafina ya tashi, suna sa ni in maimaita musu har yanzu da suke da nasu 'ya'yan. Wannan ɓangaren ne ban taɓa ba su ba sai yanzu da nake rubuta shi. Na yi ta juya shi a raina a kan sallaya, wata rana in tashi da tabbacin ƙafar ce, wata rana in tashi babu tabbacin.

Sau ɗaya na nemi komawa wurin. Mun je ta'aziyya Kirikasamma, a hanyar dawowa na roƙi direba ya tsaya. Na sauka na bi gefen hanya ina dubawa. Ruwa ya daina janyewa a wajen, ciyawar kacalla ta cinye ko'ina, ta fi tsayin mutum, ga tsuntsayen janbaki suna tashi daga cikinta kamar hayaƙi. Wani masunci yana gyaran koma a gindin giginya. Na tambaye shi ina filin nan mai tauri da yake miƙewa har kogi. Ya ce shi tun da ya zo nan bai san wani fili ba, sai dai in tambayi manya a cikin gari. Matan da ke motar suka fara kirana, rana tana yi. Na koma na zauna a wurina, wata ta miƙo mini ruwa a leda, na riƙe shi har muka shigo Haɗeja ban sha ba.